Hannunka Ba Ya Ruɓewa Ka Yanke Ka Yar

Ɗana, matso kusa mu yi magana, don na ga gajiya a fuskarka, kuma na san ba ta gona ba ce, ba ta kasuwa ba ce. Irin gajiyar nan ce ta mutumin da yake kwana kunnensa yana ƙofar zaure, yana jiran shigowar ƙaninsa, bai sani ba ko da ƙafarsa zai dawo ko kuwa ciccibo shi za a yi a kawo. Na san wayar Inna ta yi ƙafa, na san an auna buhun gero an tarar ya rame, na san kowa a gidan ya san mai hannu a ciki amma ba mai son ya fara furtawa. Ka yi faɗa har muryarka ta dushe, ka yi duka har hannunka ya yi tsami, ka sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse, kwana uku bai cika ba ya koma. Yanzu zuciya tana raya maka ka tattara lamarinsa ka watsar, ka ce da Baba a sallama wa duniya shi kowa ya huta. Ban ga laifinka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma kafin ka yanke wannan hukunci ka ara mini kunnenka, domin hanyar nan da kake kai na bi ta, kuma na yi kurakurai a cikinta waɗanda ba na so ka maimaita.

Nawa ɗan ƙanina ne, wanda riƙonsa ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinsa. Yaro mai kunya, mai zuciyar nema, wanda tun bai cika shekara ashirin ba yake sammako zuwa bakin kogi nan Wudil, inda ake haƙo yashi ana lodin tifa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gada da hantsi ya leƙa ƙasa ya san irin aikin: mutum daga shi sai gajeren wando, shebur a hannu, rana tana dukan gadon bayansa, kuɗinsa kuwa gwargwadon motar da ya cika. A nan wani abokin aikinsa ya miƙa masa tiramol guda ɗaya, ya ce ta ƙarfi ce, in ya sha zai cika mota biyu bai ji a jikinsa ba. Kuma a ranar bai ji ɗin ba. Da kuɗin ranar ya sayo wa mahaifiyarsa soyayyen kifi a bakin gada, ta yi ta sa masa albarka. Ka ga ta inda abin ya shigo mana, ta ƙofar neman halak. Shi ya sa nake roƙonka ka daina tambayar ƙaninka wane irin iskanci ne ya kai shi, ka fara binciken wace ƙofa ce ta buɗe. Wani ta aikin ƙarfi ne, lodin yashi ko kokawa da shanu a kara ranar Juma'a. Wani ɗalibi ne aka ce masa za ta hana shi barci lokacin jarrabawa. Wani 'yan siyasa ne suka raba musu lokacin kamfe, aka gama zaɓe suka watse suka bar su da ita. Wani kuwa baƙin ciki ne yake cin ransa bai sami wanda zai gaya wa ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ba ka gano ƙofar ba, ko ka kori abin yau ta nan zai sake shigowa gobe.

Kada kuma ka ɗauka gidanku kaɗai aka jarraba. A farkon shekarar 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a faɗin Najeriya, suka ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma a Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya, kashi 16 cikin ɗari. Ka lissafa da kanka, kusan mutum ɗaya cikin shida ke nan. In ka tsaya a sahun Juma'a ka dubi dama ka dubi hagu, da wuya a rasa wanda irin wutar da take cin gidanku take cin nasa, kowa dai ya zura babbar riga ya rufe. Ban kawo maka wannan lissafi don ka ce ai ruwan dare ne ka saki jiki ba. Na kawo shi don ka sauke kayan kunyar da ka ɗora wa kanka, domin kunyar nan ita ce ta fi cutar da mu.

Shekara biyu muka yi muna rufa-rufa. In an ga yaro yana tafiya yana haɗa hanya, mu ce zazzaɓi ne yake damunsa. Ranar da ya faɗi yana jijjiga, kumfa tana fita a bakinsa, muka ce iska ce ta taɓa shi a bakin ruwa, alhali mahaifiyarsa ta sha tsintar fankon katin ƙwaya a aljihunsa in za ta yi masa wanki, takan dunƙule ta jefa a murhu don kada in gani, ni ma in na gani in kau da kai don kada ta san na gani. Mai kemis ya aiko yana bin sa bashi, na biya a ɓoye. Ya ɗauki akuyar maƙwabta, na biya a ɓoye. A zatona rufin asiri nake yi masa, ashe shimfiɗa nake yi wa ciwon yana ƙara miƙe ƙafa. Ɗana, rufin asiri daban, rufa-rufa daban. Rufin asiri shi ne kada ka kai zancen ƙaninka majalisa ko teburin mai shayi, kada ka bari ya zama abin hira a gidan biki. Amma ɓoye wa Baba, da ɓoye wa Kawu wanda yaron yake jin nauyinsa, da ɓoye wa likita, wannan ba sutura ba ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in gaya maka abin da ya sa rantsuwarsa ba ta kwana uku, don in ka gane wannan, rabin fushinka zai sauka. Tiramol da kodin 'yan gida ɗaya ne, magungunan kashe raɗaɗi ne masu aiki a ƙwaƙwalwa. Tiramol ɗin da likita yake rubutawa miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayar wa yaranmu a lungu yakan kai 200 ko 225, kuma ba guda ɗaya suke tsayawa ba. In mutum ya daɗe yana sha, ƙwaƙwalwa takan saba, ta jingina da shi kamar yadda gurgu yake jingina da sanda. Abin da guda ɗaya take yi masa bara, bana sai uku, baɗi sai biyar. Daga nan ya wuce matakin sha don jin daɗi, ya koma sha don ya iya miƙewa da safe kamar kowa. In ya daina, kafin kwana ɗaya ya zagayo jiki ya fara karɓar bashinsa: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina da hawaye, gumi da sanyi a lokaci guda, murɗawar ciki da gudawa, ƙasusuwa kamar ana sara su, barci kuwa ya ƙaurace wa ido. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya ɗauki kamar mako kafin ya lafa. Lokacin da ya dafa Alƙur'ani har zuciyarsa yake nufi. Jikinsa ne ya ci amanarsa. Ban ce ba shi da laifi ba, shi ya kai hannu ya ɗauka, kuma shi zai tsaya gaban Ubangijinsa. Amma mutumin da ya faɗa rijiya, ko da gangancinsa ne ya jefa shi, igiya ake fara zura masa, faɗa sai ya fito.

Akwai kuma wanda barinsa farat ɗaya yake da hatsari ga rai. Ƙwayoyin sa barci irin su roci da baliyam, haka ma giya ga wanda ya daɗe a cikinta, in an yanke su rana ɗaya suna iya kawo farfaɗiya da ruɗewa har a rasa mutum. A hankali likita yake rage su. Yaranmu kuwa da wuya ka sami mai shan abu ɗaya, gambiza suke yi. Saboda haka shawarar da za a ba ka ta ku kulle shi a ɗaki mako guda har abin ya fita daga jininsa, kada ka karɓe ta.

Nan zan gaya maka kuskurena mafi girma, wanda har yau in na tuna sai na nemi gafarar Allah. Da abin ya ishe ni, na ɗauki yaron nan da dabara, na ce raka ni unguwa, na kai shi wani gida a ƙauye inda ake ɗaure kangararru da mari. Na biya kuɗi, na juya baya yana kira, Baffa, Baffa, ban waiwaya ba, ina gaya wa kaina ai gata nake yi masa. Wata uku ya yi. Ranar da na je ɗauko shi na tarar ya rame ya yi baƙi, idon sawunsa biyu duk gyambo, tabon yana nan har gobe. Ya dawo gida shiru-shiru, muka ce Alhamdu lillahi ya shiryu. Kwana tara ya koma ruwa, kuma wannan karon da ƙari, domin a can ya haɗu da waɗanda suka fi shi sanin kan abin, ga kuma sabon ciwo da na ɗora masa na ganin cewa wanda yake kira uba ya yaudare shi. Kusan shekara guda bai yarda mun haɗa ido ba. Ba ni kaɗai na yi wannan ba. Ka tuna watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka yi ta gano irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, irina ne, waɗanda dabara ta ƙare musu. Mari yana riƙe ƙafa, amma ba ya kaiwa inda ciwon yake. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, mu kuwa addininmu ya riga doka faɗar haka. Addu'a kam kada ka sassauta, a yi tofi, a yi sadaka, Inna ta tashi cikin dare ta kai kuka inda ake share hawaye. Sai dai a haɗa da asibiti, kamar yadda ba wanda yake zama da karaya a gida ya ce addu'a kaɗai za ta ɗora ƙashi.

Kuma kada ka zauna jiran gwamnati ta share kasuwa tukuna. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta nuna wani fim na bincike a kan kodin, har da samarin da aka ɗaure a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi a Kano, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. An yi murna, kuma matakin ya dace. Amma kai ma shaida ne, kwalba ta yi tsada, masu sha suka karkata ga wani abin. Dila ba zai ƙare a gari ba kafin ƙaninka ya warke, dole a cikin garin nan mai dila zai koyi wucewa bai tsaya ba.

Wurin zuwa kuwa akwai. Ka fara da Babban Asibitin Wudil a duba lafiyar jikinsa a ba ku takardar turawa gaba. Daga nan zuwa Kano tafiyar kamar kilomita 40 ce, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, akwai kuma asibitin Dawanau a hanyar Katsina. Na san da jin sunan Dawanau gabanka ya faɗi, domin a ƙasar Kano in an ce an kai wane Dawanau an gama magana. Ka cire wannan daga ranka. Likitan da yake duba mai taɓin hankali shi ne dai wanda ya karanci yadda ƙwaya take kama ƙwaƙwalwa da yadda ake kwance ta, kuma shi zai gano in akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shaye-shayen, wanda sau da yawa shi ne tushen. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa tun 1989, ba kame kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara da sashen gyaran hali, tana kuma da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, da za ka iya kira ko da tsakar dare. In ya ƙi zuwa, kai ka fara zuwa kai kaɗai ka ji abin da za su ce.

To yaya za a yi ya yarda? Ba da taron dangi ba. Mun gwada, muka tara baffanni da kawunnai a zaure aka sa shi a tsakiya, kowa ya zazzage masa abin da ke cikinsa, ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba, aka shafa fatiha, daga nan bakin kogi ya nufa ya sha wadda ta fi ta kullum, don kunyar da aka ba shi ta fi ƙarfin ya ɗauke ta da idonsa biyu. Wasu masana a Jami'ar New Mexico ta Amurka, cikinsu har da Robert Meyers, sun gwada wannan a kan iyalan mashaya giya, suka buga sakamakon a 1999. Iyalan da aka shirya su don su taru su ritsa mutum, kashi 30 cikin ɗari ne nasu ya shiga magani. Waɗanda aka koya wa magana mai taushi a lokacin da mutum yake cikin hayyacinsa, da yaba masa ranar da bai sha ba, da janye jiki ranar da ya sha, da barinsa ya ɗanɗani sakamakon aikinsa, kashi 64 ne nasu ya yarda. Da na ji wannan sai na ce ai kakanninmu sun riga su, da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kada ka yi masa magana yana cikin maye, da ƙwaya kake magana ba da shi ba. Ka bari sai da safe ya karya, ku biyu kaɗai, ka kira shi da sunan da Inna take kiransa, ka ce, jiya da aka ce an gan ka kwance a bakin titi ban runtsa ba, tsoro nake ji kada in rasa ka, ina so ka raka ni mu ga likita. Zai iya ƙi sau biyar. Ka sake a karo na shida da irin muryar farko.

Nawa a karo na nawa ya yarda, na manta, amma ban manta darensa na uku a gadon asibiti ba. Yana rawar ɗari, zanin gado ya jiƙe sharkaf, ya damƙe bakin rigata da hannu biyu yana cewa, Baffa, don girman Allah ko rabi ne, rabi kawai, daga shi ba zan ƙara ba. A aljihuna akwai kuɗin da zai sayi kati goma, kuma wallahi zuciyata ta karye har na ji ƙafata tana son miƙewa. Na jiƙa tsumma na goge masa goshi, na riƙa ba shi kunu cokali-cokali yana dawo da shi, ina ce masa ina nan, ba inda za ni. Da aka yi kiran assalatu barci ya ɗauke shi, hannunsa yana riƙe da rigar. A daren nan ne, ina jin, ya yafe mini ƙauye.

Sai dai ka sani, ɗana, kwanakin asibiti su ne masu sauƙi. Aikin yana farawa ranar da ya dawo gida, ya tarar da lungu yana nan, abokai suna nan, lambar dila tana cikin kansa ko ka canza masa layi. Watanni zai yi ba ya jin daɗin komai, abinci salam, hira salam, barci rabi da rabi, ga saurin fushi. Wannan ba taurin kai ba ne, ƙwaƙwalwa ce take koyon tafiya ba sanda, kuma sannu ba ta hana zuwa. A wannan lokaci gidan ya zama baki ɗaya. Kada kai ka hana kuɗi Inna ta kunce bakin zani ta ba shi a ɓoye; ka zauna da ita cikin ladabi ka nuna mata cewa ɗari biyar ɗin nan ta tausayi ita ce kuɗin kati. In yana buƙatar takalmi a saya masa takalmi, in aski ne a biya wanzami. Ranar komawa asibiti kada ta wuce, ko da bashi za a ci na mota. Ka lura da lokacin da ya fi rauni, galibi daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i, lokacin da majalisarsu take cika, ka cike masa wannan gurbi da wani abu, ko rakiyarka masallaci, ko zama a shagonka, domin ba a raba mutum da abokai a bar shi da bango. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, gaskiya ne, amma zaman kaɗaici ma yana mai da mutum inda ya fito.

Mu raguna biyu muka saya masa a kasuwar Juma'a, muka ce nasa ne, ribarsu tasa ce in Layya ta zo. Ban san hikimar abin ba sai daga baya: dabba ba ta san tarihinsa ba, ba ta yi masa kallon tuhuma, kuma da asuba dole ya tashi don tana kuka tana jiran dusa. Amana ma haka ake mai da ita, mudu-mudu. Yau ka aike shi da kuɗin cefane, ya kawo canji daidai ka ce Allah ya yi maka albarka, ka faɗa da ƙarfi yadda zai ji. Gobe ka ƙara. A ci abinci da shi a kwano ɗaya. A tsawatar wa yaran gida kada wanda ya kuskura ya kira shi ɗan ƙwaya. In baƙi sun zo kada a yi ta ɓoye jaka a gabansa, a adana abin da za a adana tun kafin ya shigo. Kuma abin da ya wuce, wayar Inna da buhun gero, kada ya zama sandar da ake ɗaukowa duk ranar da aka sami saɓani.

Zai iya komawa. Gara in gaya maka tun yanzu don kada ranar ta zo ka ce an yi asarar wahala. Nawa bayan wata bakwai ya zame, a bikin wani abokinsa. Masana sun ce tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye sukan zame aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda masu hawan jini suke sakaci da magani ciwon ya taso, kuma ba wanda yake korar mai hawan jini daga gida don jininsa ya sake hawa, asibiti ake mai da shi. Ka tuna sahabin nan da ya zo a Sahihul Buhari, wanda aka sha kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, har wani ya gaji ya tsine masa. Annabi ya hana tsinuwar, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An yi masa hukunci, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba. Ita kanta giyar ai a mataki-mataki aka haramta ta, kuma Nana A'isha ta bayyana cewa da da hanin aka fara tun ranar farko, da mutane sun ce ba za su iya bari ba. Don haka ka roƙi Baba da Inna, duk zafin da za su ji, kada su yi masa baki. Yaron da ya yarda an ɗebe masa albarka ba ya ganin sauran abin da zai tattala.

Amma ranar zamewa tana da hatsarin da dole ka sani. Jikin da ya yi watanni ba ya sha ya manta da yawan da ya saba ɗauka, in ya koma ya sha irin na da, yana iya zama ajalinsa. In ka same shi ba ya tashi ko an girgiza shi, numfashi yana fita da ƙyar ko yana wani irin munshari, leɓe ya canza launi, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, kada ka ce a bar shi ya yi barci ya wartsake, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota a yi asibiti nan take, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha, domin akwai allurar da ake kira nalokson mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi. In jijjiga ce, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki.

Duk abin nan da nake faɗa da ƙane, in ƙanwa ce ma haka yake, sai dai nata ya fi ɓoyuwa. Binciken nan na 2019 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce, amma je ka layin asibiti ka ƙirga matan da aka kawo. Tana ɗaki tana zuba sirof a robar lemo, in an gane sai a yi maza a ɗaura mata aure wai ta nutsu, in matar aure ce a miƙa mata takarda. Aure ba asibiti ba ne. Wanda ya ɓoye wannan ya aurar da 'yarsa, ko ya ɓoye ya auro wa ɗansa 'yar mutane, ya ci amana, kuma ya ƙara yawan masu kuka.

Haƙurin da nake kiranka gare shi yana da iyaka guda. In ya kai ga zare wuƙa, ko ɗaga wa Inna hannu, ko dukan matarsa da 'ya'yansa, to kare su ya riga komai, a raba musu wurin kwana, a kira mai unguwa ko hukuma in ta kama. Yin haka ba yanke hannu ba ne, ɗaure hannun ne kada jini ya ƙare. Kai ma kuma ka ji tausayin kanka. Kana da mata da 'ya'ya masu haƙƙi a kanka, kana da sana'a. Ku raba nauyin, wannan ya ɗauki kai shi asibiti, wancan kuɗin magani, wata ta ɗauki zama da Inna. A Amurka tun 1951 iyalan mashaya suka kafa ƙungiyarsu ta kansu mai suna Al-Anon, don sun gane mai jinya ma yana buƙatar mai jinyarsa. Kai ko mutum ɗaya ka samu a unguwa wanda ya taɓa shiga irin wannan, ka riƙa zama da shi kuna sauke wa juna.

Nawa yanzu shekararsa huɗu rabonsa da ita. Bai koma yashi ba, kiwo yake yi, ranar Juma'a yana kara tun safe. Har yau in ya shigo gaishe ni idona yakan kai kan idonsa kafin in amsa, shi ma ya san ina dubawa, yakan tsaya ya bar ni in duba.

Yau da daddare in naka ya shigo, ko a wane hali yake, kada ka ce masa komai. A ajiye masa tuwonsa a rufe, ka leƙa ka tabbata ta gefe ya kwanta. Da safe in ya karya, ka kira shi zaure ku biyu. Kuɗin motar Kano kuwa ka ware shi tun yau, na mutum biyu.